Kai Ka Ci Bashi, Mu Mu Biya?

Ƴan'uwa ɗalibai, daren wata Asabar muna fada, shayi na biyu yana bisa wuta, sai wani abokinmu ya miƙo waya ya ce kowa ya matso ya ga hanyar arziki. Bidiyo ce ta TikTok. Wani saurayi ne cikin kwat, tsaye gaban mota mai sheƙi, yana zuba Faransanci kamar ruwan pampo. Ya ce matakai biyar ne kawai: ka sayi tsohon gida da araha, ka gyara shi, ka zuba ƴan haya, ka koma banki ka jinginar da gidan a kan sabuwar darajarsa su ba ka kuɗɗinka, ka ɗauki kuɗɗin ka sayi gida na biyu. Daga nan sai maimaitawa har ka gaji da ƙirga makullai. Ya rufe da maganar da ta sa fada ta ɗauki sowa: wai ba kai za ka biya bashin ba, ɗan haya zai biya maka.

Mu bakwai ne zaune a wurin. Dukanmu ƴan haya ne. Uku daga cikinmu mai gida yana bin su wata biyu, don burus ba ta faɗo ba. Na ce musu: "Yo wanga ɗan haya da za ya biya bashin, wane ne in ba mu ba?" Aka yi dariya, aka ce na cika baƙin ciki da arzikin mutane. Shi ya sa na ɗauko biro, tunda a fada mai ƙarfin murya ke cin gardama.

Tun farko in share wata hanya. Ba na gaba da mallakar gida, ba na gaba da ba da haya. Da babu masu gina ɗakuna suna bayarwa, da rabin ɗaliban Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai a gindin itace za su kwana, don gadajen site ba su isar kowa. Abin da nake faɗa da shi shi ne wagga dabara da ake tallata mana ta waya da cikin tarukan horo na biyan kuɗɗi. Lissafinta bai rufewa a ƙasar nan, kuma inda duk ya bar giɓi, daga aljihun talaka za a cike shi.

Dabarar ba ƙarya ba ce a garinsu. Daga Amurka ta fito, can suna yi mata laƙabi da BRRRR, kuma ƙanwa ce ga tunanin da Robert Kiyosaki ya baza tun 1997 cikin littafinsa na uba mai arziki da uba matalauci, wanda fassararsa ta Faransanci ke shimfiɗe wurin masu sayar da littattafai a bakin titi. Amma mai kwat bai gaya muku mi ke riƙe da ita a can ba. A Amurka mutum yana samun bashin gida na shekara 30, kuma ruwan da aka yanka masa ranar farko shi ne har ranar ƙarshe. Banki yana iya wannan haƙuri ne don ba shi ke zama da bashin ba: akwai manyan hukumomi biyu da gwamnati ta kafa, Fannie Mae tun 1938 da Freddie Mac tun 1970, masu saye basussukan gidaje daga hannun bankuna su ba su kuɗɗi su sake rantawa. Gida yana da takarda a rijista. Akwai masu ƙiyasta daraja da ke duba nawa aka sayar da gidajen maƙwabta cikin ƴan watannin baya. A kan wannan ƙiyasi banki ke ba ka wajen kashi 70 zuwa 75 cikin ɗari na darajar gidan. Waɗannan su ne ƙafafun da dabarar ke tsaye a kansu.

Kuma ko can ɗin ta sha kayar da mutane. A 2008 farashin gidaje ya rushe, bankin Lehman Brothers ya faɗi cikin watan Satumba, miliyoyin iyalai suka rasa gidajensu, cikinsu har da waɗanda suka yi ta jinginar da gida ɗaya don sayen wani. Kwanan baya ma, ruwan bashin shekara 30 da ke wajen kashi 3 cikin ɗari a 2021 ya haura kashi 7 a 2023. Wanda ya sayi kango ya gyara da niyyar komawa banki ya tarar farashin kuɗɗi ya ninka kafin fenti ya bushe. In masu rijiya sun kwana da ƙishirwa, ina ga mai jiran ga-ruwa?

To mu dawo gida. Abu na farko da banki zai tambaye ka shi ne takarda. Ba kowace takarda ba, titir fonsiye. Ku tambayi iyayenku mi ke cikin akwati. Mafi yawa takardar meri ce, wadda ake kira akt de sesiyo, ko shedar mai gari, ko ƴar takardar ciniki da shedu biyu suka sa wa hannu, ɗaya ma ya rasu. Tun 2006 aka shigo da hanya mai sauƙi ta samun titir, wadda aka raɗa wa suna Sheda, amma har yau gidaje nawa ne cikin tsofaffin unguwanni ke da shi? Kuma tsohon gida mai araha da ake cewa ka nema, a garuruwanmu sunansa gidan gado. Magada goma sha biyu, ɗaya yana Agadas, ɗaya yana Libiya, ɗiya mace guda ba a ko shawarce ta ba. Ka biya babban wa, ka zuba siminti, ranar da gida ya yi kyau sai ga sammaci. Araha ba ta ado.

Abu na biyu, wa banki ke ba bashi? Mai albashin da ke shiga ta bankin kowane ƙarshen wata, ko ɗan kasuwar da suka san jujjuyawar kuɗɗinsa shekara da shekaru. An buɗe Bankin Gidaje na Nijar a 2018, akwai kuma wata hukuma a Lome, CRRH, da aka kafa a 2010 don ta riƙa ba bankunan yankin sefa kuɗɗi masu dogon wa'adi saboda bashin gidaje. Abu ne mai kyau, amma bankuna take ranta wa, ba ɗalibin shekara ta uku mai jiran burus ba. Wanda banki ya kora sai ya faɗa ƙananan asusun bashi. A 2014 aka kayyade iyakar ruwa a yankinmu: kashi 15 cikin ɗari ga bankuna, kashi 24 ga ƙananan asusu. Wane ɗakin haya ne a Nijar ke haifar da kashi 24 a shekara?

Yanzu mu yi lissafin da mai kwat ya tsallake. Misali ne, kowa ya sa alƙaluman unguwarsu ya gwada. A ce ka samu tsohon gida mai ɗaki shida a miliyan 8, takardarsa tsab, babu rigimar gado. Ka kashe miliyan 4 wurin gyara. Miliyan 12 ke nan. Kar ma ku tambaye ni inda ɗalibi ya samo su, mu ce kawu ya ranta. Ka ba da kowane ɗaki jika 15 a wata, jika 90 ke shigowa in duk ɗakunan cike suke kuma kowa ya biya ran ɗaya ga wata, abin da ban taɓa gani ba tunda nake. Banki ya yi maka kirki, ya yarda gidan ya kai miliyan 12, ya ba ka kashi 75, wato miliyan 9, da ruwa kashi 10, wa'adin shekara 10. Abin da za ka riƙa zubawa kowane wata ya kusa jika 119. Haya jika 90, banki jika 119. Ko an ja maka wa'adin zuwa shekara 15, wajen jika 97 ne, har yanzu ya fi hayar. Ba mu sa kuɗɗin yashe masai ba, ba mu sa kwanon da iska ta yaye ba, ba mu sa haraji ba, ba mu sa hutun damina da ɗalibai ke tafiya gida ɗakuna su zauna wayam ba.

Waɗannan miliyan 9 ɗin, da a ce shekara 30 aka ba ka da ruwa kashi 6, irin na can, jika 54 za ka riƙa biya. Kun ga inda asirin yake. Ba wayon mai kwat ba ne, tsawon wa'adi ne da sauƙin ruwa, kuma ba a sauko da su ta WhatsApp.

Za a ce ai gyaran zai ɗaga darajar gidan, banki ya ƙiyasta shi miliyan 16, ya ba ka miliyan 12 ɗinka cif. Madalla. Biyan wata ya koma kusan jika 159. Iyakar yawan abin da ka ciro, iyakar nauyin da ka ɗora wa gidan. Kuɗɗin da ka karɓo ba riba ba ce, bashi ne da aka sake wa riga, kuma kayan aro ba ya rufe katara.

Ina za a samo cikon? Hanya ɗaya ta rage: a ƙara kuɗɗin haya. Don jika 119 su fito, ɗakin jika 15 sai ya koma jika 20. Don jika 159 su fito, sai ya wuce jika 26. Ku tuna mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan jika 42 ne tun farkon 2024, kuma da yawa ko shi ba su samu. Mai gadi, mai koyon ɗinki, malamin makaranta ɗan kwantaragi, bazawara mai tuyar ƙosai da ɗiya uku, da mu. Waɗannan su ne "ɗan haya" da aka ambata cikin bidiyo kamar wata na'urar fitar da kuɗɗi.

Ba a littafi na karanta wannan ba. Bara gidan da muke haya ya sauya hannu. Sabon mai gida, saurayi ne da bai girme ni da shekara biyar ba, ya zo da fara'a ya ce zai gyara mana wuri. Aka shafa fenti ruwan ƙwai a bangon waje, aka manna karo a bakin ƙofa, aka sa ƙofar ƙarfe mai ado. Masai guda ɗaya da mutum goma sha tara ke bi layi a kansa yana nan yadda yake. Tsagar da ke bangon ɗakinmu aka cusa mata siminti da yatsa aka shafe. Ƙarshen wata ya aiko dillali da sabon farashi da kosiyo na wata uku. Wata tsohuwa da ta shekara goma sha ɗaya a gidan ta ce masa: "Ɗana, mi munka yi maka? Nan na aurar da ɗiyata." Ya ce: "Inna, ba ni ba ne, banki ne." Kuma na yarda da shi, gaskiya ya faɗa. Ta kwashe kayanta a amalanke. Da damina ta sauka, ruwa ya dawo ta tsagar nan tasa, bisa katifata da takardun jarrabawata.

Wannan ya kawo ni ga kalmar gyara. Gyaran da dabarar ke koyarwa gyara ne don idon mai ƙiyasi da idon hoto: abin da zai sa gida ya yi tsada da kuɗɗi kaɗan. Gyaran da gidajenmu ke bukata ba ya fitowa a hoto. A ɗaga dandamalin gini ya fi titi tsawo. A yi wa gindin bango yaɓe mai ƙarfi inda ruwa ke ci. A gyara indararo ya zubar nesa da bango. A fitar da ruwan tsakar gida. A nisanta masai da wurin ruwan sha, a ƙara na biyu. A raba kontar wuta don faktir ta daina haɗa maƙwabta faɗa. Mu da muka ga 2020, lokacin da kogi ya fasa madatsai ya shiga unguwannin Harobanda a Yamai, muka ga 2024, lokacin da gidaje suka yi ta zubewa a Maraɗi, tsohon masallacin Birni na Damagaram ya rushe, har aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba, bai kamata a ruɗe mu da fenti ba. Maraɗi kanta ambaliyar gulbi ta 1945 ce ta sa aka tashe ta daga fadama aka hau da ita tudu. Kango mai araha sau da yawa ruwa ne ya karya masa farashi, kuma ruwa bai mance hanyarsa. Ranar da ɗaki ya faɗi, banki ba ya yafe ko dala.

Kasuwar haya ma ba dutse ba ce. Waɗanda suka gina manyan gidaje a Yamai don baƙi masu biya da tsada sun ga yadda abubuwa suka juya bayan Yulin 2023: baƙi da yawa suka tattara, iyakoki suka rufe, kaya suka yi tsada, cire kuɗɗi a banki ya koma bin layi. Wanda ya gina da kuɗɗinsa ya rufe gida ya yi haƙuri. Wanda ya gina da bashi, wata na ƙarewa ana buga masa waya. In kuwa gida biyar ka ɗaure da igiya ɗaya, kowane yana jingine da ɗan'uwansa, ɗaya na gocewa sauran za su bi.

Akwai kuma maganar da masu horon ke bi ta gefenta a guje: riba. Mafi yawanmu mun tashi muna jin hukuncin bashi da ruwa, kuma dabarar nan gaba ɗayanta a kansa aka gina ta, sau biyar, sau goma. Ni ba malami ba ne. Amma wanda zai karɓi jika 10 ɗinka ya koya maka arziki cikin kwana biyu, ya kamata ya faɗa maka wannan a fili, ka je ka tambayi malamanka, ka kuma bincika ko tsarin bankin Musulunci zai karɓe ka. Shirun da suke yi a nan ya nuna ba don mu aka ɗinka rigar ba.

Na san amsar da ke jirana, an riga an ba ni ita a fada. Wai tunanin talaka gare ni, wai tsoro ne, wai masu arziki ba su tsoron bashi. To ku duba masu gidajen haya na gaske a unguwarku. Alhajin da ke da gida takwas, da ribar kanti ko ta fataucin albasa da wake ya gina su, ɗaya bayan ɗaya, cikin shekara talatin. Hajiyar da ke da ɗaki huɗu a bayan gidanta, da adashe ta yi su. Gidan haya a wurinsu ma'ajiya ce ta dukiyar da aka samo a wata sana'a. Mai kwat ya juya abin, ya ce ka fara da ma'ajiya tun ba ka da abin ajiyewa. Shi kansa ku tambaye shi: daga haya yake ci ko daga kuɗɗin rijistar horo? In dabarar na haihuwa yadda yake faɗi, mi ya zaunar da shi yana tara jika goma-goma daga hannun ɗalibai?

Wanda ke son shiga wagga harka da gaske, ga abin da na gani ya yi aiki a gaban idona. Ka fara da sana'a, kuma in son samu ne sana'ar ginin kanta. Hutun damina ka bi magini, ko mai haɗa wuta, ko mai aikin pampo. Wanda ya san buhun siminti bulo nawa yake fitarwa ba a cutarsa, kuma rabin kuɗɗin gyara yana cikin hannunsa. Ka tara ta hanyar da ba ta cin ruwa. Tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi aka fara shi a 1991, da tallafin ƙungiyar CARE, yau ƙasashe da dama sun kwaikwaye shi. Iyayenmu mata suka koya wa duniya tara kuɗɗi da ranta wa juna, mu ɗiyansu masu digiri muna neman darasi wurin baƙo a waya.

Kafin ka biya ko dala a kan fili, ka je meri da ofishin kadastir ka tabbatar da lambar filin da sunan mai shi, ka ga turakun iyaka da idonka, ka je wurin cikin watan Agusta bayan ruwa mai ƙarfi ka ga inda yake kwanciya. In gidan gado ne, kowane magaji ya sa hannu, mata da maza, a gaban hukuma. Ka bi takarda har ta zama titir, ko ba ka da niyyar zuwa banki. Sannan ɗaki ɗaya. Ka gama shi, ka sa mutum, hayarsa ta taya ka na biyu. Da yawanmu ma akwai kango a gidanmu na gado da za a iya tayarwa da yardar dangi, a rubuta wa ya kashe mi, wa zai karɓi mi. Kuma kar a raina ƙasa. Malbaza na yin siminti, amma ba dole kowane bango ya zama na siminti ba. A Yamai, Mariam Issoufou da abokan aikinta sun gina gidajen da ake kira Niamey 2000 da bulon ƙasa matsattse a 2016, gidaje masu bene, masu sanyi lokacin zafi. Ɗakin da bai gasa mutum cikin watan Afrilu ya fi karo a bakin ƙofa.

In kuma wata rana bashi ya zama dole, ƙa'ida ɗaya ce: hayar da gidan ke kawowa yau, a farashin yau, bayan an cire wata biyu na ɗaki wayam da kuɗɗin gyara, ta fi abin da za ka riƙa biya. In sai ka ƙara wa mutane haya lissafi zai rufe, to bai rufe ba, wuyan wani ka sa a ciki.

Mu kuma da ke haya yau, mu daina shiga ɗaki da baki kawai. Tun 1996 ƙasar nan ta yi dokar haya, amma mu nawa muka taɓa neman kontara a rubuce, ko rasit na kosiyo? Mu nema. Mu rubuta halin da muka tarar da ɗaki ranar shiga. In an zo da fenti da sabon farashi, ƴan gida su haɗu su yi magana da murya ɗaya, su ce a fara da masai da rufi.

Abokina mai bidiyo har yanzu yana kirana mai baƙin ciki. Ina yi masa fatan gida goma, wallahi. Cikinmu akwai waɗanda za su zama masu gidaje nan da shekara ashirin, kuma ɗiyan wasunmu ne za su zo neman ɗaki da katifa a ka. Abin da nake roƙo, ranar da makullai suka zo hannunka, ka tuna daren da ka kwana tsaye kana tarbe ruwa da bokiti, ka tuna tsohuwar da ta bi amalanke da ƙafa. Ka yi lissafinka tun yanzu yadda ba za ka taɓa bukatar ce wa uwar wani "ba ni ba ne, banki ne" ba.